Sunayen da Auke Ya Raɗa wa Manoma

"Ashe kana raye, Douwe? Shigo ka rufe mini ƙofa kafin iska ta kwashe ka ta kai teku."

"Ina kwana, Renske. Na ga kiranki har sau huɗu, na ce ko dai shagon ya kama da wuta, ko kuma kin tuna kina da dangi."

"Goge takalminka. Ba gareji ka shigo ba."

Safiyar Juma'a ce, ina tsaye bayan kanta ina cire wa wardi ƙaya, ban ko ɗago kai ba. Shekara ashirin da biyu ke nan ina ɗaure furanni a shagon Renske Wiarda a garin Bolsward, ban taɓa jin ta gaisa da Douwe irin gaisuwar mutanen kirki ba. Ɗan kawunta ne, tare suka yi ƙuruciya, tun suna yara suke wannan hali. Shi direban babbar motar furanni ne da ya yi ritaya. Bara ya shiga wani aji na mako shida da ake koya wa tsofaffi kwamfuta a ɗakin karatu na gari, aka ba shi takarda, tun daga ranar ba mu huta ba.

Ni dai na san dalilin kiran, kuma ba abin dariya ba ne. Kullum ƙarfe shida na safe Renske na ɗakin baya, gaban wata tsohuwar kwamfuta, tana sayen furanni a gwanjo. Farashi daga sama yake farawa yana gangarowa, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya, daƙiƙa biyu gare ka ka yanke shawara. Manhajar da take sayen da ita, mijinta Auke ne ya saye ta shekara goma sha tara da suka wuce. Auke kuwa ba ya riƙe sunan mutum, halinsa yake riƙewa. Duk manomin da ya yi ciniki da shi, sai ya shiga gurbin suna ya goge na gaskiyar ya rubuta nasa: Saya Ido Rufe, Gajeren Kara, Mai Ɓoye Ruɓaɓɓe a Tsakiya, Ban da Litinin. Suna ɗari uku da 'yan kai ya raɗa. Yau shekara shida da rasuwarsa, kuma da sunayen nan Renske take saye har gobe. Sunayen manoman na gaskiya ko goma ba ta sani ba.

To, ranar Litinin za a rufe tsohuwar manhajar, kowa ya koma sabuwa. Wata shida kamfanin manhajar na aiko da wasiƙa tana cusawa a aljihun tebur. Litinin ɗin kuma ita ce farkon makon Ranar Uwa, lokacin da kowa ke saya wa mahaifiyarsa furanni, makon da ke riƙe shagonmu rabin shekara.

Na zuba kofi na bi su ɗakin baya, don ba zan bari a ba ni labari ba.

"Zauna," in ji Renske. "Ba a kujerar Auke ba. Ga bokiti can, kifa shi."

"Mutum mai takardar shaida ba ya zama a kan bokiti."

"Takardar da aka ba ka don ka kunna kwamfuta ba a kira 'yan kwana-kwana ba?"

"Har aika hoto an koya mana."

"Na gani. Hoton babban yatsanka ka aiko mini sau tara."

Douwe ya kifa bokitin ya zauna, ya ƙare wa kwamfutar kallo. "Wannan ai sa'arki ce. Da gawayi ake tayar da ita ko da kananzir?"

"Ta fi ka aiki, ta fi ka shiru. Ungo, karanta."

Ta miƙa masa wasiƙar ƙarshe. Ya manta tabarau a gida kamar yadda ya saba, sai ya miƙe hannu iya tsawonsa yana ƙanƙance ido.

"Sun ce duk bayananki za su koma sabuwar. Farashi, kwanan wata, yawan kaya. To me ya rage? A kan wannan kika hana ni karin kumallo?"

"Karanta ƙaramin rubutun na ƙasa, in ajin naku ya kai nan."

"Za a sabunta sunayen manoma daga rajistar gwanjo." Ya ɗaga kafaɗa. "Gyara ne ai. Kin ga a ƙarshe za ki san sunan mutane, kamar 'yar kasuwar kirki."

"Auke za su goge, Douwe."

A hankali ta faɗa, tana kallon bango. Douwe ya cire hularsa ya juya ta a hannu ya mayar. Tausayinta ya kama ni, don ni ce nake jin ta da asuba tana karanta sunayen nan a fili tana amsa musu, wani ta yi dariya, wani ta ja tsaki.

"To ki kira su mana," in ji Douwe. "Bakinki dai bai taɓa ciwo ba."

"Ba za su saurare ni ba. Da mai lasisi kaɗai suke magana."

"Wa ke da lasisin?"

"Auke."

"Wane Auken? Wanda na ɗauki akwatin gawarsa da kafaɗar nan tawa?" Ya dube ta, ya dube ni. "Ba ki gaya musu ba?"

"Ba su tambaya ba."

"Shekara shida?"

"Yana amsa musu imel a kan lokaci. Har katin Kirsimeti suke aiko masa."

Douwe ya yi dariya har bokitin ya nemi zamewa. "Marigayi mai amsa wasiƙa. Ni da nake raye ba ki taɓa amsa tawa ba."

"Shi yana da abin faɗa."

"Ke yanzu me ya kai ki?"

"Da sunansa ya saya, sau ɗaya, aka ce har abada. Na ce ranar da suka ji ya mutu za su ce lasisin ya bi shi, su rufe mini komai. Yanzu kuma sun ce sabuwar duk shekara za a riƙa biya, kamar ɗakin haya. Wannan na haƙura, zan biya. Sunayen nake so."

"To ni mene ne nawa a ciki?"

"Muryar namiji nake nema. Na duba garin nan kaf ban samu namiji ba, na ce bari in yi maneji da kai."

Douwe ya ajiye kofinsa a ƙasa. "Wato so kike in zama mijinki."

"Na minti biyar. A waya. Kuma kada ka matso."

"Auke jarumi ne, shekara talatin da huɗu ya yi. Ni minti biyar ɗin ma sai an biya ni."

"Ba kofi ka sha yanzu ba?"

"Hiltje ce ta ba ni. Ke ko ruwan bokiti ba ki taɓa ba ni ba."

Jin an ambaci sunana, sai na sa baki na ce wannan fa ƙarya ce tsagwaronta, kuma in ta tashi fashewa a kanmu za ta fashe. Su biyun suka juyo tare suka ce in koma wurin wardina. A iya sanina, wannan ne abu na farko da bakinsu ya zo ɗaya a kai. Ban tafi ba.

Renske ta rubuta masa lambar lasisi da ranar haihuwar Auke da manyan haruffa. "Ka saurare ni da kyau. Auke ba ya surutu. Ka gaisa, ka faɗi lamba, ka tambayi yadda za a kwashe sunayen, ka ja bakinka ka yi shiru."

"Auke ba ya surutu ne don bai samu fili ba."

"Douwe."

"Na ji. Buga."

Ta buga, ta buɗe muryar wayar yadda duk za mu ji. Wata mata ta ɗauka, ta ce sunanta Marjolein. Douwe ya gyara zama, ya kumbura ƙirji, ya karanto lambar da wata murya mai kauri da ban taɓa jin Auke ya yi ba.

"Meneer Wiarda," in ji matar, wato Malam Wiarda. "Shekara da shekaru muna musayar wasiƙa, yau dai na ji muryarka. Ya jiki?"

"Garau. Ban taɓa jin ƙarfi irin na bana ba."

Renske ta mintsine shi a cinya. Ya daure, ya faɗi ranar haihuwar daidai, har na fara tunanin za su tsallake. Sai Marjolein ta yi tambayar da bai kamata a yi wa Douwe ba.

"Wata shida muna rubuto maka. Me ya hana ka sauyawa da wuri?"

Douwe ya juyo ya dubi Renske, fuskarsa ta washe kamar yaron da ya tsinci alewa.

"Matata ce, 'yata. Ba ki san ta ba, ki gode wa Allah. Ita ke ɓoye wasiƙun. Taurin kai gare ta tun tana shekara bakwai."

"Tun tana shekara bakwai ka san ta?"

"Tun kafin nan ma. Ta taɓa tura ni cikin ruwa a kan keke, keken ma nawa ne. Ga rowa. Ga shi ba ta iya miya ba, shekara talatin da huɗu ina ci ina yabawa don a zauna lafiya. Furannin ma ni na koya mata, da ba ta bambance wardi da kabeji..."

Renske ta fizge wayar.

"Ƙarya yake yi. Wannan ba mijina ba ne. Mijina ya rasu shekara shida ke nan, kuma kwano biyu yake shanyewa na miyata."

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Ta lalubi kujerar Auke ta zauna. Douwe ya sunkuyar da kai, ni kuma na ce a raina shi ke nan, Litinin ba mu da furen sayarwa.

"Allah ya ba ki haƙuri, Mevrouw Wiarda," in ji Marjolein, wato Uwargida Wiarda. "In faɗa miki gaskiya, mun daɗe muna zargi a ofis. Meneer Wiarda da muka sani layi ɗaya yake rubutowa, a ciki ya yi godiya sau biyu. Sai kawai muka ga ya koma cika shafi guda yana ce mana malalata."

Douwe ya toshe bakinsa da hula, kafaɗunsa na girgiza.

"Za ku rufe mini?" in ji Renske.

"A kan me? Takarda ɗaya ce. Ki aiko da shaidar rasuwarsa, lasisin ya koma sunanki yau ɗin nan. Da tun a lokacin kika faɗa, da minti goma ya ishe mu."

Renske ta sauke numfashi, sannan ta yi mata bayanin sunayen. Marjolein ta roƙi a karanto mata kaɗan. Da aka zo kan Mai Ɓoye Ruɓaɓɓe a Tsakiya, sai da ta nemi a dakata mata don dariya.

"Ba zan ruɗe ki ba," ta ce bayan ta dawo daidai, "sunayen ba za su bi sauran bayanan ba. Gurbin da ya rubuta su na rajista ne, sabuwar za ta cike shi da sunan gaskiya. Amma mun ƙara wani gurbi na laƙabi, shi ne ke fitowa da manyan haruffa lokacin gwanjo. Ba mijinki kaɗai ke da wannan halin ba. Sai dai da hannu ake shigarwa, kowane manomi a kan lambarsa. Kada ki taɓa tsohuwar kwamfutar. Ki sa sabuwar manhajar a wata daban, ki riƙa karantawa daga nan ana rubutawa can, ki gama kafin Litinin."

Aka yi sallama. Renske ta ajiye wayar.

"Ba sai kin gode mini ba," in ji Douwe.

"Tona mini asiri ka yi."

"Ke kika tona da bakinki. Ni ina cikin aurena lafiya lau kika sake ni."

"Minti biyar na ce, ko uku ba ka kai ba."

"Amma wa ya samo miki lasisi? Shekara shida kina fama, na zo na gama a zama ɗaya. Ajin mako shida ke nan."

"Kabeji, ko?"

"Auke ne ya faɗa. Ni baki kawai na ara masa."

Saura wanda zai rubuta. Yatsun Renske sun kumbura da ciwon gaɓɓai, maɓalli ɗaya take iya dannawa, shi ma don ta saba. Ni kuma Juma'a da Asabar ba na ko samun zama a shago. Muka dubi Douwe. Ya lura, sai ya harɗe ƙafa a kan bokitin nan kamar mai ofis.

"Kwana uku," ya ce. "Abinci sau biyu a rana, da kujera mai jingina."

"Miyar da ban iya ba za ka sha?"

"Zan daure, don zumunci."

Kafin azahar an aika takarda, lasisi ya iso da sunan Renske. Ta karanta sunan nata a jiki sau biyu. Muka ɗauko ƙaramar kwamfutar da muke karɓar oda da ita, aka sa sabuwar manhajar, aka jera su biyu a tebur. Douwe ya aika aka ɗauko masa tabarau, ya naɗe hannun riga, ya fito da yatsa biyu, ɗaya daga kowane hannu. Na bar ƙofa a buɗe ina jin su daga kanta.

"Gajeren Kara," in ji Renske.

"Wannan na san shi, na sha ɗaukar kayansa. Shi kansa bai kai teburin nan ba. Ina harafin G ya shiga?"

"Inda ka bar shi ɗazu. Kafin ka gama, Ranar Uwa ta wuce, ta Uba ma ta wuce."

"Aikin ƙwararru ba a yi masa gaggawa. Na gaba."

"Ban da Litinin."

"Me Litinin ta yi masa?"

"Ranar Lahadi surukinsa ne ke yanka, shi kuma bai san wanda ya nuna ba."

Haka suka yi ta yi. Wani sunan Douwe ya ce Auke ya yi adalci, wani ya ce ya yi sassauci, da shi ne da ya ƙara. Na ji Renske na dariya irin wadda na daɗe ban ji ba, raina ya yi fari. Wajen ƙarfe huɗu na kai musu kofi, sun kai suna na saba'in da wani abu. Ina ajiye kofin, sai Renske ta tsaya da karantawa.

"Tsallake wannan," ta ce. "An rufe lambar."

"Faɗi lambar dai."

"Na ce an rufe. Ba ka ji ne, ko kunnen ma ya yi ritaya?"

Douwe ya leƙo. Ta sa tafin hannu ta rufe sunan, amma lambar na waje, ya kuwa gane ta. Akwai wasu shekaru huɗu da ya ajiye tuƙi ya kama noman furen tulif a gonar haya, kafin abin ya ƙi ya koma mota. Lambarsa ce ta wancan lokacin.

"Ɗage hannunki," ya ce. "Na san abin da ya rubuta. Auke ya fi kowa ido a gwanjon nan, kuma bai taɓa barin kayana sun wuce shi ba. Sarkin Tulif, ko wani abu mai kama da haka."

"Sha kofinka."

"Kishi ne ke damun ki. Karanto."

Ta dube ni, na kau da kai. Ta ɗage hannun, ta karanta yadda yake a rubuce.

"Na Douwe. Ba Kyau. Saya Duka."

Douwe ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya karanta da kansa.

"Ba kyau?"

"Kawuna ƙanana, kara a lanƙwashe. Sun ɗebo mai su."

"To ina kuke kai su?"

"Gidan tsofaffi, kyauta. Su ma sai da suka aiko a rage."

"Shekara huɗu?"

"Duk safiyar da lambarka ta fito. Tun farashi na sama yake dannawa, don kada a gane ba mai so."

"Wa ya sa shi wannan wautar?"

Renske ta gyara zaman kofinta a kan tebur. "Wa kake tsammani Auke yake tsoro a gidan nan?"

Na ɗauka zai yi fushi. Ya zauna yana kallon ta. Can sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har hawaye suka zubo, kuma ba duka ba ne na dariya. Ni ma sai da na juya na goge ido da gefen riga.

"To, na yarda," ya ce. "Ba su da kyau. Ni kaina in na loda su a mota ba na son waiwayawa."

"Hiltje, kin ji da kunnenki. Shekara sittin ina jiran ya yarda da abu ɗaya."

"Kada ki saba."

"Sabuwar ba ta karɓar rufaffiyar lamba," in ji Renske. "In mun gama ranar Lahadi, ka ɗauki tsohuwar kwamfutar ka tafi da ita gida. Layinka ne kaɗai bai samu wurin zuwa ba."

"Har da igiyar wutar?"

"Igiya ka saya da kuɗinka."

Douwe ya fyace hanci, ya ja kujera kusa da tebur, ya ɗaga yatsunsa biyu.

"Karanto na gaba."